Zanen da Ke Allon Ɗakin Malamai

Ranar Alhamis

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan ka isa gida lafiya. Yaya gwiwar? Allah ya sa matakalar kwalejinmu ba ta tayar maka da ciwon ba. Ka gaida Inna, ka ce mata man zafin nan safe da yamma ake shafawa, kada ta bari ka manta da shi a aljihu.

Baba, wannan ce takarda ta huɗu da na fara. Ukun farko duk a maganar gwiwa suka tsaya, na yaga su.

Kusan shekara biyu ke nan, tun da ka bar rubuta allunan shaguna, duk wata kana aiko min da zane a ambulan. Ban taɓa gaya maka inda suke zuwa ba. Na farkon, wanda Zuhal, duniyar nan mai zobe, ya tsaya gaban maƙeri yana roƙon a buɗa masa zobe saboda ya yi ƙiba, ni kaɗai a ofis na yi ta dariya har mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya. Washegari na manna shi a allon ɗakin malamai. Daga nan ya zama kowa jira yake a shiga sabon wata. Ranar da na kawo na tauraro mai wutsiya, wanda ya dawo bayan shekara saba'in da shida yana faɗan ba a ajiye masa abinci ba, malamar lissafi sai da ta ƙware da shayi. Ni kuma ina gefe ina jin daɗi kamar ni na zana.

Ƙasan kowane zane kana sa ɗan sunan nan da abokanka suke kiranka, Mai Fenti. Ni ce nake ninke wurin kafin in manna. Ba wanda ya ce in yi.

Jiya da ka biyo daga asibitin ido, ban san za ka zo ba. Na hango ka a bakin ƙofa, da ɗigon koren fenti a hannun rigarka, kunya ta kama ni maimakon in yi murna. Da shugaban sashenmu ya ɗauka kai ne wanda aka kira ya gyara bangon ɗakin gwaji, har yana nuna maka hanya, na ce masa babana ne, amma ka ji irin muryar da na faɗa da ita. Sannan ya ja ka gaban allon, don ya wanke kansa, yana nuna maka zanen Fuluto riƙe da fayil a ƙofar ofis bayan an cire shi daga jerin manyan duniyoyi, akawu yana ce masa ai ko zagaye ɗaya bai kammala ba tun da aka ɗauke shi aiki. Ya ce wanda ya zana wannan ya yi karatu mai zurfi. Ya juyo ya tambaye ni a ina nake samowa. Na ce a intanet.

Kana tsaye kusa da ni na faɗa. Ka yi dariya tare da su, ka ce lallai mutumin ya iya. Da na raka ka tasha, hirar farashin tabarau kawai ka yi min.

Na san daga ina ka koyi zagayen Fuluto. Daga tsofaffin littattafaina ne da na bari a kwali ƙarƙashin gado, waɗanda kake bi da yatsa layi-layi. Ba ka wuce aji huɗu ba, kuma da burushinka na kai inda nake koyar da waɗannan abubuwa. Ba ni da wata hujja. Tsoro na ji kada su san daga inda na fito.

Ka yafe min.

'Yarka,
Auta

Ranar Talata, bayan mako biyar

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna. Yaya idon, an yi sabon tabarau ɗin? Ni lafiya lau, sai aikin jarrabawa.

Wata ya shiga har ya yi nisa, ambulan bai zo ba. Na kira Inna sau uku, kullum ta ce ka fita. A na ukun ina jin tarinka. Ta gaya min ka karanta takardata, ka sa ta a aljihu, kuma tun ranar ba ta ga ka zauna a teburin bakin taga ba. Ta ce alƙaluman har sun fara bushewa. Ba faɗa ta yi min ba, da ma faɗan ta yi.

A nan kuma ana ta tambayata ko mutumin intanet ya daina. Sau biyu ina cewa ban duba ba. Jiya a taron sashe, bayan an gama maganar jadawali, na miƙe na ce ina da magana. Na cire zanen duka ashirin da uku, na buɗe ninkin ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. Na gaya musu dattijon da ya zo ranan shi ya zana su, kuma ƙarya na yi a gabansa.

Na zaci za a yi mamaki. Shugaban sashe dai ya cire tabarau yana ta gogewa, daga baya ya nemi in kawo shi ya gaishe ka. Amma malamar lissafi ta biyo ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce ita tun ranar ta gane, domin lokacin da kowa yake dariya, ta ga ka sa babban yatsa kana goge wani ɗan layin fensir da ya rage a gefen fayil ɗin Fuluto. Ta ce baƙo ba ya ganin irin wannan layin. Mako biyar ke nan tana gaishe ni kullum, tana jira ta ga ko zan faɗa. Ban iya ɗaga kai na dube ta ba.

Ban rubuto don ka ce na kyauta ba, Baba. Abin da ya kamata in faɗa da kana tsaye, na faɗe shi ba ka nan, kuma na san ba ɗaya ba ne. Ban kuma roƙe ka ka ci gaba da aiko min ba. Amma kada ka bar zane saboda ni. Ko maƙwabta ka ba, ko ka tara a akwati.

Zan zo ranar Asabar da motar safe. Shugaban sashe na ce masa ya dakata tukuna, wannan zuwan nawa ne. Idan ba ka shirya ganina ba, ka gaya wa Inna kawai. Zan zauna da ita a kicin, in taya ta aiki, in koma da yamma. Asabar ta gaba ma haka zan yi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta