Ƙyallen Wuyan Lawal

Ƙanƙara, daren Talata, Agusta 1956

Yau muka binne Lawal, babba cikin 'yan sikawut ɗina. Rafi ya ciko ya ja ɗan wani makiyayi. Lawal ya faɗa ruwan ya turo yaron gaɓa, shi kuma ruwa ya tafi da shi.

Da la'asar na je gaisuwa. Mahaifinshi, Malam Audu, ya miƙo mani ƙyallen wuyan Lawal na sikawut, da sauran danshi a jikin ƙyallen. Ya ce, "Malam, kai ka koya mashi kada ya tsaya kallo in mutum na cikin wahala."

Ban sani ba ko godiya ce ko ƙorafi. Gobe sauran yaran za su taru suna jirana, kuma ba ni da wani darasin da ya wuce wannan da na koya ma Lawal. Allah ya jiƙan Lawal.