Kada Ka Ja Bakan Nan, Buba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Kawu Ardo da shanu.

Tun da kuka kora garke kudu wayarka ba ta shiga. Shi ya sa na rubuta wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, don duk wanda ya gan ku ya karanta maka.

Jiya ina share ƙarƙashin rumbu na tarar da ragowar kiban da ka ɗaura kafin tafiya. Na ɗauki ɗaya, ƙarfen ya zare a hannuna. Wata ta lanƙwashe, wata ta tsage daga gaɓa. Ɗanyen kyauro ka yanko, Buba. Ya bushe ya motse, jijiyar ɗaurin ta saki. 'Yan'uwansu ne a cikin kwarin da ke rataye a kafaɗarka.

Na gaya maka ka jira ya bushe a gindinsa, ka ce Inna me mace ta sani game da kibiya. Gaggawa da raina magana, su ne halinka tun kana rarrafe.

Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ba ya zuwa fadamar Roni yankan kyauro sai an gama girbin dawa. Ya zaɓi wanda ya yi ja, mai gajerun gaɓoɓi. Ya mirgina shi a kan tabarma, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawonsa, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara ko tsutsa ta ci cikinsa. A dami guda ƙalilan yake ɗauka, sauran ni nake hura wuta da su. Yakan ce, "Wanda na yi shakkarsa a gida, ba na kai shi daji."

Kana zaune kusa da shi duk lokacin, amma hankalinka na kan rake.

Yanzu ana ta maganar ɓarayin shanu a hanyar da kuka bi. Na san ka, kai ne za ka fara tsayawa gaba, kana taƙama da bakan ubanka.

Ka zazzage kwarin nan, ka gwada kowace, ka nuna wa Kawu. Kafin ka samu busasshen kyauro, idan suka zo, ka bar musu shanun. Har da jar saniyata. Ni na ce. Wanda ya kira ka matsoraci, ka turo shi wurina.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya dawo mini da kai da ƙafafunka, ɗana.

Mahaifiyarka,
daga Gwiwa