Yatsan da ke Cikin Man Sheƙi

Zuwa ga: Alhaji Lahbib Amazuz, Amin, wato shugaban Masassaƙa, Kasuwar Ait Wamlal.
Daga: Assu Ait Bennasar, mai yin sandunan fatsa, shago na tara.
Talata, 17 ga Maris, 1987.

Game da: Shigar masa shago a ɓoye, da fargabar gobara.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni Idris Bufus, marubucin wasiƙu na bakin kasuwa, na rubuta wannan da yawun mai ƙorafi, domin bai iya rubutu ba. Shekara talatin na san shi.

1. Wata huɗu ke nan yana haɗa sandar fatsa ta gora, tsagi shida, wa wani likita na birnin Meknes. Saura shafin man sheƙi kawai. Yadda yake yi, yakan nutsa sandar cikin bututu cike da man, ya zaro ta sannu a hankali, ya rataye a ƙuryar shago, ya rufe ƙofar ƙuryar saboda ƙura. Kafin ta bushe ko shi kansa ba ya shiga, balle wani.

2. Ran Alhamis 5 ga wata ya yi shafi na farko. Washegari da ya dawo daga sallar Juma'a ya leƙa, sai ya ga shatin babban yatsa a jikin sandar, an danna shi da gangan. Kwado kuwa yana nan lafiya lau. Bai gaya wa kowa ba. Ya goge wurin, ya haɗiye abin a ransa.

3. Ran Alhamis 12 ga wata ya sake shafi. Juma'a 13, bayan masallaci, ga yatsan nan kuma, daidai wurin na farko.

4. A nan ne yake roƙon Amin ya tsaya da kyau. Tsummokaran da yake goge mai da su, kullum cikin bokitin ruwa suke kwana. Duk ɗan sana'a ya san dalili: tsumman mai in aka dunƙule shi aka bari, da kansa yake ɗaukar zafi har ya kama da wuta, ba sai an ƙyasta ashana ba. A wannan Juma'a ta 13 ya tarar an tsamo su, an matse, an haɗa da waɗanda ya shanya, an dunƙule, an tura ƙarƙashin dusar katako, daidai gindin tsanin da ke hawa ɗan benen da yake barcin ƙailula bayan azahar. Da ya sa hannu ya ji sun yi ɗumi. Ɓarawo ba ya wannan aiki, kuma ko allura ba a ɗauka ba.

5. Makullan shagon biyu ne tun zamanin mahaifinsa. Ɗaya yana wuyansa. Ɗayan yana wurin wanda suka gaji shagon tare, wanda tun lokacin kaka yake matsa masa a sayar wa wani mai gidan shayi da shagon, shi kuwa ya ƙi. Na tambaye shi sunan mutumin har sau uku. Ya ce kada in rubuta, uwa ɗaya ta haife su. Ni dai raina ya ɓaci, amma na bi umarninsa.

Saboda haka yana roƙon Amin, cikin ladabi, ya ba da izinin sauya kwadon, tunda dokar kasuwa ta hana magaji ɗaya ya sauya shi kaɗai. Yana kuma roƙon ya zo da shaidu biyu su duba sandar. Wannan karon bai goge shatin ba, ya bar shi ya bushe, ko da likita zai fasa karɓa. Akwai tabo da ya ratsa tsakiyar yatsan. Ya ce ya san tabon, domin shi ya ɗaure ciwon da gefen rawaninsa ranar da wuƙar mahaifinsu ta zame, suna yara.

Muna roƙo a zo kafin Juma'a 20 ga wata. Masallaci ba zai fasa zuwa ba, kuma ya rantse ƙailularsa ma ba zai fasa ba.

Allah ya ƙara wa Amin lafiya da adalci.

Mai biyayya gare ka,
Assu Ait Bennasar.

Ya dangwala babban yatsansa a nan ƙasa, ya ce Amin ya duba da kyau, nasa ba shi da tabo.