Ragon Kirsimetin Baba Tanimu

Jiratawa, farkon Disamba

Zuwa ga Yayana Gado,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji Yesu. Ina fatan kana lafiya, kai da Madam da yara. Tunda wayarka ta daina gane lambata, na koma ga takarda. Ɗan kabu-kabun da ke kai mana zogale kasuwar Maraɗi zai miƙa maka ita.

Jiya na je Tsibiri duba Baba. Idon ya tafi gaba ɗaya, amma bakin na nan daram, har wa'azi ya yi mini a kan gishirin da na cika a miya. Ragon da ya kiwata don Kirsimeti ya yi ƙiba, kullum sai ya lalubo shi ya shafa bayansa. Ka san al'adarsa tun kafin a haife mu. Baba Hamidu maƙwabcinmu ne ke yankawa don Musulmin unguwa su ci hankali kwance, mu dafa shinkafa, a kai wa kowane gida kwanonsa. A unguwar nan in Malam Tanimu mai bishara ya ce nama yankan Musulmi ne, ba mai sake tambaya. Abin da ya rage masa ke nan a duniya, kuma yana ji da shi.

Baba ya ce bana ƙarfinsa ya yi ƙasa, yana so ka zo ka karanta labarin haihuwar Almasihu a majami'a, kamar yadda kake yi kana ɗan lakkwal, kafin ka gama makaranta. Ka zo, Yaya. Biro, ofishin nan naka, ba zai gudu ba.

Ka huta lafiya. Taka ƙanwa,
Tsahara

Maraɗi, tsakiyar Disamba

Ƙanwata Tsahara,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Takardarki ta iso, kuma na yafe miki baƙar maganar da ke ciki.

Ki sani ana shirin naɗa mataimakin shugaban kwamitin zaman lafiya tsakanin addinai, kuma sunana yana gaba. Wannan kujera ba tawa ba ce, ta dukan masu bi ce. Ranar Nowel, ranar Kirsimetin kanta, zan karɓi manyan Alhazan gari a gidana, don haka ba zan samu zuwa sujada a Tsibiri ba. Ubangiji ya san zuciyata.

Amma zan zo ranar jajibiri in ga yankan rago, tare da mai ɗaukar hoto. Ki sa wa Baba farar rigarsa. Ki kuma roƙi Baba Hamidu kada ya fito da wannan tsohuwar hular tasa.

Ubangiji ya kiyaye ki.
Yayanki, Gado Tanimu

Tsibiri, kashegarin Kirsimeti

Yaya Gado,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa. Ina fatan baƙinka sun ƙoshi.

Na san ka san abin da ka yi, amma ba ka ga ƙarshensa ba, to bari in ba ka labari. Baba Hamidu ya yanka, an ɗauki hoto, ka rungume tsofaffin nan biyu kamar za ka yi kuka. Muna cikin gida muna hura wuta direbanka ya ɗora ragon nan a bayan mota, har da kai da ƙafafu. Ka ce mini Alhazai ba za su ci nama a gidan Kirista ba sai sun ga hoton wanda ya yanka. Sannan ka aje mini kwalin kajin firigo masu ƙanƙara, ka ce in dafa in raba, wai Baba ba ya gani, maƙwabta kuma ba za su tambaya ba.

Na dafa, Yaya. Kunya ta hana ni faɗa wa Baba. Da muka taso daga sujada, inda ya yi ta juya kunne ko zai ji muryarka, na jera kwanoni gabansa don ya sa albarka kamar kullum. Ya buɗe na farko ya sa hannu, sai ya ɗago fiffiken kaza.

Ya ce, "Ɗiyata, ragona fiffike gare shi?"

Na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Wa ya yanka kajinga?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To ba su hita gidanga da sunana."

Ya ɗauki sandarsa, ya ce in riƙe masa hannu. Gida gida muka bi, cikin farar rigar da ka ce a sa masa, yana sallama yana cewa su yi haƙuri, bana babu kwano. Matan Baba Hamidu ko tukunya ba su ɗora ba, suna jiran namu, jikokinsu na zaune da wankakken hannu. Baba Hamidu ya ce, "Haba Malam, wannan har ya kai ka tasowa?" Amma shi ya yanka ragon, kuma a gabansa motar ta tashi. Da muka dawo Baba ya shige ɗaki, har yanzu bai sake zama a ƙofar gida ba.

Ban taɓa jin na tsane ka ba sai jiya. Kajinka na ba karnuka.

Tsahara

Maraɗi, Janairu

Ƙanwata ƙaunatacciya,

Barka da sabuwar shekara. Ki taya ni yi wa Ubangiji godiya, an ba ni kujerar. Alhazai sun ci, sun yaba, wani har ya ce bai taɓa sanin akwai Kirista irina ba. Hoton Baba da Baba Hamidu yanzu yana rataye a zauren kwamiti.

Game da kaji, kin yi ɓarna, kuma ɓarna zunubi ce. Da kin iya bakinki, da tsoho ya yi sallarsa cikin farin ciki. Ke kika ja shi cikin rana kina nuna wa unguwa, ba ni ba. Ragon da zai ƙare a cikin yaran unguwa ɗaya ya buɗe wa masu bi ƙofar da ta daɗe a rufe. Ku na ƙauye ba ku hangen nesa.

Ranar Asabar ta sama za a rantsar da ni. Shugaban kwamiti ya roƙa a kawo tsofaffin da ke cikin hoton, Baba ya yi wa taro jawabi a kan yadda yake zaune da maƙwabtansa. Zan aiko mota. Ki wanke masa rigar.

Naki cikin Ubangiji,
Gado Tanimu, Mataimakin Shugaba

Tsibiri, Laraba

Yaya,

Muna gaisuwa. Na karanta wa Baba takardarka daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko kalma ba. Baba Hamidu ya ce ƙafa na damunsa, ba ya zuwa. Baba kuwa ya tashi zaune, ya nemi abinci, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ya ce in rubuta maka haka: "Ina zuwa. Ban taɓa tsayawa gaban jama'a na yi ƙarya ba. Sun ce in hwaɗi yadda nike zaune da maƙwabtana, zan hwaɗa masu duka, har da na bana."

Rigar ta bushe. Muna jiran mota.

Tsahara

Maraɗi, Alhamis

Tsahara,

Salama. Ba mota da za ta zo. Na sanar da kwamiti cewa tsufa ya taɓa hankalin Baba, ba ya sanin abin da yake faɗa. Sun tausaya mini ƙwarai. Na kuma rubuta wa faston Tsibiri da mai unguwa haka, don kada wani ya riƙe maganarsa in ya fara surutai. Ranar Lahadi za a sanar a majami'a, a yi masa addu'a.

Wannan ma ki karanta masa.

Ubangiji ya ba shi lafiya.
Gado