Ƙuri'ar Yashin Bakin Gada

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Antina da yara baki ɗaya. Yaya ƙugun naka? Antina ta gaya wa matata Malama cewa har yanzu sai ka dafa ƙofar mota kake iya miƙewa in ka sauko, amma maganar asibiti ka toshe kunne. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. To ka san yadda wayarmu take ƙarewa: ni ina ɗaga murya, kai kana cewa "Me ka ce?" Shekara talatin kana zaune kan injin tifa, ƙararsa ta tafi da kunnenka na hagu. Maganar da ke bakina kuwa ba ta ihu ba ce.

Makon jiya wata jarida ta buga yadda kowane ɗan majalisar jiha ya kaɗa ƙuri'a a shekara ukun da muka yi. Ga hoto, ga suna, sai layuka a ƙasa. Na duba nawa. Ƙarin azuzuwa a makarantun firamare, ya ce eh. Ɗaukar ungozomomi a asibitocin karkara, ya ce eh. Har na fara gyara zama. Sai na gangara ƙasa: tayar da tsohuwar kasuwa, ba ya nan. Harajin motocin haya, ba ya nan. Sallamar malaman wucin gadi, ba ya nan. Har sau bakwai.

Malama ta riga ni gani. Ta ajiye jaridar kusa da kofin shayina, ta zagaye bakwai ɗin da jan biron da take duba jarrabawar ɗalibanta. Na ce ai uzuri ne ya riƙa tasowa. Sai ta ce, "Ikon Allah! Wannan uzuri naka ya haddace jadawalin majalisa."

Yaya, kai ba zan yi maka ƙarya ba. Duk bakwai ɗin ina nan. Da na ga akawu ya ɗauko takardar sunaye sai in kara waya a kunne kamar an kira ni, in fita baranda, in tsaya jikin tagar da ke kallon wurin ajiye motoci har a gama. Ba na son in ɓata wa kowa, shi ne ciwona tun ina ƙarami, ka fi kowa sani.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. An kawo ƙudirin hana ɗibar yashi daga bakin gada har zuwa ƙauyuka ukun da ke gangare. An yi masa karatu na biyu, an miƙa shi ga kwamitin da nake ciki. Nan da mako uku za a kaɗa ƙuri'a, kuma Kakakin majalisa ya ce da suna za a kira kowa.

Na san inda kake ɗiba. Na kuma san yashin nan ne ya kai ni makaranta. Da Baba ya rasu ka ajiye littafi a aji huɗu ka ɗauki shebur, daga lodi ka koma tuƙi, har Allah ya ba ka taka motar. Ƙungiyarku ta direbobin tifa ce ta manna hotunana a jikin tifofi lokacin zaɓe. Ban yanke shawara ba tukuna. Na dai fi son ka ji daga gare ni, ba daga rediyo ba.

Ka gaishe min da Antina da yara. Don Allah a je a duba ƙugun nan.

Ƙaninka,
Auta

*

Yayana,

Sallama da gaisuwa, da tambayar lafiyarka da ta iyali. Kwana goma ke nan ban ji daga gare ka ba. Direban bas ɗin da na bai wa takardar ya rantse mini hannu da hannu ya ba ka, ka sa a aljihun gaba. Ban yi fushi ba. Shiru ma magana ce.

Ka gan mu ranar Laraba da kwamitinmu ya zo bakin gada, amma ba ka ga abin da aka nuna mana ba, don haka bari in gaya maka. Wani injiniya ya sauka da mu ƙarƙashin gadar. Ƙafafunta da ya kamata a ce suna binne a ƙasa, yanzu sun fito fili, har na tsaya a gindin ɗaya tushenta ya fi ni tsawo. Ya ce damina biyu ko uku, in ba a daina ba, shi ba zai bi ta kanta da iyalinsa ba.

Daga nan muka shiga ƙauyen farko. Gaɓar kogi ta ciwo gonaki ta iso gidaje. Katangar makarantar firamare ta faɗa ruwa, malamai sun ja igiya don kada yara su matsa. Ina cikin rubutu sai wata tsohuwa ta kama mini hannun riga ta ce, "Auta, girma ya sa ba ka gane mutane?" Ashe Mai Kitso ce, ƙawar Inna, wadda ke zuwa gidanmu da kibiyarta a ɗaure a bakin zane. Ta ja ni ta nuna mini ɗakinta. Rabi ne ya rage, Yaya. Bango biyu a tsaye, ƙusar da take rataye madubi na nan, daga inda gadonta yake kuwa sai rami. Ta ce, "Ni ban ce a hana kowa neman abinci ba. Yayanka ma ɗana ne. Amma ka gaya mini inda zan sa haƙarƙarina bana." Sai kawai na tambaye ta lafiyar ƙafa.

Muna fitowa na hango motarka a layin lodi, gwiwar hannunka a kan taga kamar kullum. Idonmu ya haɗu. Na ɗaga hannu, sai ka juya kana gyara madubin gefe. Ina sanye da hular kwano da aka raba mana, ga 'yan jarida a bayana, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na so in ƙaraso, ƙafata ta ƙi.

Washegari shugaban ƙungiyarku ya zo ofishina. Na ba shi kujera bai zauna ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, motoci sittin ne, kowace tana ci da gida biyar. Ka tuna hannun da ya ɗora kaya shi ke saukewa." Ban ga laifinsa ba, gaskiyarsa ya faɗa.

Na zauna da lauyan majalisa mun rubuta gyara a kan ƙudirin: a ba ku wata shida kafin doka ta fara aiki, kuma gwamnati ta gyara hanyar sabon wurin ɗibar da aka ware can sama, tunda na san tafiyar ta ninka sau huɗu kuma hanyar duk ramuka ce. Da na kai wa jagoran jam'iyyarmu a majalisa sai ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Yau kai ne da gyara? Mu da muka ɗauka kujerar taka ta haya ce."

Zan yi iya ƙoƙarina a kan gyaran. Amma ba zan ɓoye maka ba: ko ya wuce ko bai wuce ba, in an kira sunana zan ce eh. Na rubuta wannan layin na daɗe ina kallonsa kafin in ci gaba. Gara ka ji zafina yanzu da ka ji daga baya cewa na yaudare ka.

Malama na gaishe ka. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Auta

*

Yaya,

Barka da war haka. Ina fatan kana lafiya, da Antina, da yara.

An yi, an gama. Na san ka ji sakamako, amma ina so ka ji yadda abin ya kasance daga bakina.

An fara da gyarana. Na miƙe na yi magana minti goma, karo na farko da na wuce minti biyu a zauren nan. Na faɗi abin da na gani ƙarƙashin gada, na kuma faɗi cewa masu ɗibar yashin nan ba ɓarayi ba ne, da guminsu aka gina rabin garin nan, har da ginin da muke zaune ciki. Na ce ni kaina ɗan yashi ne. Wasu suka yi dariya, ban damu ba. An ja an ja, wata shida ya koma wata uku. Maganar hanya kuwa aka ce babu ita a kasafin bana, aka jingine. Rabin abin da na nema ma ban samu ba.

Sai akawu ya ɗauko takardar sunaye. Wallahi Yaya ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ya kama waya ba. Ƙofar baranda na nan a hannun damata, taku shida. Na ciro wayar na kife ta a kan tebur, na ɗora tafin hannuna a kai. Da aka zo kaina na miƙe, na ce eh ƙasa-ƙasa. Kakaki ya ce, "Ba mu ji ba." Na sake faɗa, wannan karon har bayan zaure an ji. Goma sha shida suka ce eh, goma sha uku suka ce a'a.

Direbobin da suka cika benen 'yan kallo suka tashi gaba ɗaya suka fice. Wani ya waiwayo ya ce "Butulu!" Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina nemanka, ina kuma addu'ar kada in gan ka. Daga baya Antina ta gaya wa Malama cewa a cikin mota ka saurara, a ƙofar gida, ka kara kunnen dama jikin rediyo. Ta ce da aka gama ka daɗe ba ka fito ba, kuma abincin rana haka ta ɗauke shi a rufe.

Wannan ne ya fi komai yi mini ciwo. Ba zan ce na yi nadamar ƙuri'ar ba, don in na faɗa ƙarya na yi. Amma ina roƙonka gafarar ɓacin ran da na jawo maka. Kai ka riƙe ni a lokacin da kai ma kake bukatar mai riƙe ka, ban kuma manta ba ko na rana ɗaya.

Na san hanyar sabon wurin ɗibar za ta ci taya. Na yi magana da mai shagon taya na kusa da tasha, ka je ka zaɓi shida. Kada ka ce sadaka ce. Ƙani ba ya yi wa wansa sadaka.

In ka ga ba ka son ganina yanzu, zan jira. Ina da haƙurin da na koya a wurinka.

Ƙaninka har kullum,
Auta

*

Yayana abin alfaharina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso yau da hantsi. Ina ganin falle ɗaya da aka yago daga littafin makarantar yara, da wannan rubutu naka mai manyan baƙaƙe, na rufe ƙofar ofis na ce kada a shigo.

Bari in maimaita maka abin da ka rubuta, don ka san babu kalmar da ta wuce ni. Ka ce: "Auta, na ga takardunka uku. Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce. Na sauka ƙarƙashin gadar na gani da idona. Yarana ma ta kanta suke bi zuwa makaranta. Tayoyinka ka riƙe abinka. Giyar motar ba za ta iya sabuwar hanya ba, ranar Asabar zan sauke ta, kuma bayana ba ya ɗaukar nauyi. Ka zo da tsofaffin kaya."

Sau huɗu na karanta. Na kira Malama a makaranta na karanta mata, sai na ji tana jan hanci, ta ce wai mura ce ta kama ta.

Haushin naka na karɓa, ka riƙe shi har ranar da ka ga dama. Labarin nan kuwa babu daɗi sosai. Ƙungiya ta cire hotona daga ofishinta, kuma ana raɗe-raɗin jam'iyya na neman wani a mazaɓarmu. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Saura mini shekara guda, kuma ranar da za a kawo kasafin baɗi ni ne farkon wanda zai miƙe a kan hanyar nan taku. Na riga na sa injiniya ya auna ta. In ka yarda, ina so ka bi da ni ta kanta a motarka, ka nuna mini wuraren da suka fi cin ƙafar mota, don in na tashi magana in faɗi abin da na sani.

Sai dai akwai matsala guda. Na buɗe akwati na nemo tsofaffin kayan, babu wandon da ya yarda ya rufu. Kujerar majalisa ta yi aikinta. Malama ta ce za ta buɗe mini ɗinkin ɗaya, in ya yage a ƙarƙashin mota kada ka bari Antina ta gani, don har jikoki sai sun ji labari. Kuma ka sani tun yanzu, ban san bambancin sifana mai lamba sha biyu da mai sha huɗu ba. Za ka yi faɗa. Ka yi abinka, na yi kewar faɗan.

Ba da direba zan zo ba, ni zan tuƙo kaina. Kada ka taɓa komai mai nauyi kafin in iso. Kafin ƙarfe tara ina ƙofar gida, in sha Allahu.

A gaishe da Antina da yara.

Ƙaninka,
Auta