Wai Ke Kaɗai Kika Je Tuwal

Zuwa ga Zubaidatu, hasken idona, sanyin ƙirjina, farin watan da ya leƙo mini daga Zariya, yayyafin farko a garin da ke shekara bai ga hadari ba,

Assalamu alaiki. Kada ki ga na jero miki waɗannan sunaye ki ɗauka mun shirya. Ba mu shirya ba. Hannuna ne ya saba da su, ya rubuta tun kafin in tsawata masa, ni kuma na ƙi gogewa don ba na son ɓata takarda. Da biro nake rubutu, a kan kwalin kaya a cikin siton da nake aiki a unguwar masana'antu ta Jidda, zan ɗauki hoton shafukan in turo miki, domin abin da ke raina ya fi ƙarfin saƙon waya.

Jiya da hantsi ƙanwata Bayan ta turo mini abin da kika rubuta a shafinki na Fesbuk. Na karanta kan maganar sau uku ina tsammanin idona ne ke mini wasa: "Yadda na sauka daga jirgin ruwan yawon shaƙatawa na zaga ƙauyukan bakin tekun Jidda ni kaɗai, ba ɗan jagora, ba motar kamfanin jirgi." Mutum ɗari huɗu sun yaba. Mata suna ta cewa kin yi jarumta, kin nuna musu hanya.

Wai ke kaɗai! Zubaidatu, ke kaɗai? To wane ne ya tsaya a ƙofar tashar jiragen ruwa tun bakwai na safe, rana na dukan ƙeyarsa, a cikin direbobin haya masu ɗaga kwalaye da sunayen baƙi? Wane ne ya yi mako uku yana bin mai kula da sito da roƙo don a ba shi hutun wuni guda? Wane ne ya wanke tsohuwar motarsa sau biyu, ya fesa mata turare har Bayan ta yi ta atishawa a kujerar baya? Aljani ne ya tuƙa ki kilomita tamanin zuwa Tuwal? Idan aljani ne, to ki sani aljanin yana da suna, yana da uwa a unguwar Ruwais, kuma ransa ya ɓaci.

Bari in tuna miki, tunda da alama iskar teku ta kwashe miki wasu abubuwa. Shekara biyu ke nan da kika zo umra, kika shiga shagon yadi na kawuna, Kawu Ya'u, a kasuwar Bab Makka, kika ce da ƙawarki a hankali wannan Balaraben zai tsawwala kuɗi, na amsa miki da Hausa cewa Balaraben jikan Bakatsine ne. Daga wannan dariyar ba mu ƙara wuni ba mu ji muryar juna ba. Da kika ce ke da yayarki Fatu za ku shiga jirgin yawo da zai tsaya a Jidda sa'a goma, sai da na yi sujada. Kika ce ba kya son bas ɗin kamfani da ke kwashe mutane a nuna musu tsofaffin gidaje a mayar da su. Ƙauyukan masunta kike so, inda ake gyaran koma a bakin ruwa. Na ce halas, an gama. Yaya Fatu jirin teku ya kwantar da ita, kika sauko, muka tafi mu uku da Bayan, don kada wani ya sami abin faɗa.

Kin rubuta cewa a ƙauyen Zahban kin taka ruwa da ƙafarki, ya yi garau har kina ganin yatsunki. Gaskiya ne. Amma ba ki rubuta cewa igiyar ruwa ta sace miki takalmi ɗaya ba, kika tsaya da ƙafa guda kina kiran sunana kamar gobara ta tashi. Ni ne na afka ruwa da wandon da na kai wa mai guga tun ranar Asabar. Na fito da takalmin, na wuni da jiƙaƙƙen wando, gishiri ya bushe a jikinsa ya yi fari, ke da Bayan kuna ta yi mini dariya. Wallahi ko a lokacin ban ji haushi ba. Ina kallon ki kina dariya, mayafinki na kaɗawa, tekun nan mai shuɗi a bayanki, na ce a raina Allah bai taɓa yi mini kyauta kamar ta wannan safiya ba.

Kin rubuta cewa mutanen Tuwal suna da sauƙin kai, wani dattijon masunci ya ba ki kujera a inuwar kwale-kwalensa ya zaɓa miki kifi mafi kyau. Ya habibti, da wane yare kuka yi magana? Larabcinki bai wuce na sallah da "kam haza" na tambayar farashi ba. Dattijon nan Ammu Saleh ne, abokin mahaifina tun suna samari, kuma don ni ya ɗaga wancan jan kifin najil ya ɓoye wa masu gidajen abinci. Da aka gasa shi aka kawo da shinkafar sayadiyya, kika ɗanɗana kika yamutsa fuska kika ce ƙasar nan ba su san yaji ba. Daga aljihun wa ƙullin yajin ya fito? Umma ce ta daka shi da hannunta tun ana saura kwana biyu ki iso, ta ce 'yar Zariya ba za ta iya cin kifin Larabawa haka salam ba. Kika ci har kika suɗe yatsu, kina tsokanata wai Hausata ta girme ni, wai ina cewa "lahiya" da "ɗiya" kamar kakar kakarki. I, Hausar kakata ce, ita kaɗai na gada daga can, kuma da ita na ce ina son ki.

Sannan abin da ya fi komai. Ammu Saleh ya dube mu ya tambaye ni da Larabci ko matata ce ke. Na ce in sha Allah. Kika matsa wa Bayan sai ta fassara miki, da ta fassara kika ja mayafi kika rufe fuska, kika ce amin a hankali, amma na ji, Bayan ta ji, dattijon ma da bai san Hausa ba ya gane. A nan, a kan yashin nan, kika yi mini alkawari cewa kafin jirginku ya juyo daga arewa ya sake tsayawa a Jidda ranar Alhamis, za ki faɗa wa Yaya Zaharadden labarina, shi da yake tsaye a matsayin mahaifinku tun rasuwarsa, don Kawu Ya'u ya kira shi a yi magana irin ta manya. Ban roƙe ki ba, ke kika furta. Na koma gida ranar kamar ba a ƙasa nake tafiya ba.

Har shawara kika ba masu karatu, wai a riƙa lura da agogo, domin jirgi ba ya jiran kowa. Ke, Zubaidatu! Ke da kika zauna a kan kifaffen kwale-kwale kika ce ba za ki tashi ba sai kin ga faɗuwar rana, alhali ƙarfe biyar za a janye tsanin jirgi! Sau nawa na ce yalla, mu tafi? Muka faɗa cunkoson hanyar Madina, kika fara salati kina hawaye kina cewa fasfonki na cikin jirgi, Yaya Fatu za ta mutu don tsoro. Na bar babban titi na bi lungunan da na yi wasan ƙwallo a cikinsu, na sauke ki a ƙofar tasha saura minti goma sha biyu. Ban tayar da mota ba sai da na ga kin shige.

Duk wannan da na iya haɗiyewa. Namiji ne ni, an saba mantawa da direba. Amma akwai layi ɗaya a rubutunki da ya sa na ajiye wayar na fita waje na tsaya a rana. Kika ce a hanyar dawowa kin ratsa wata tsohuwar unguwa, wata tsohuwa mai kirki ta ba ki dabino da turare. Wata tsohuwa! Uwata ce, Zubaidatu. Tun azahar take zaune a bakin ƙofa da sabuwar abayarta, gwiwoyinta na ciwo, tana jiran ta ga yarinyar da ɗanta ya daina cin abinci a kanta. Cikin wannan gaggawar na tsaya minti biyar don ta gan ki. Kika durƙusa har ƙasa, ta riƙe fuskarki da hannu biyu ta ce ɗiyata. Jiya ta sa Bayan ta karanta mata abin da kika rubuta, tana murna za ta ji sunanta. Bayan ta yi ƙoƙarin tsallake wurin, amma Umma ba yarinya ba ce. Ta dai tashi ta shiga ɗaki.

Kin san abin da ya sa wannan ya yi mini zafi haka? Kakana ya tako daga Katsina da ƙafa, ya ƙetare tekun nan da kika yi wa hoto, ya rasu a Ruwais. A nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, amma har yau duk shekara sai na je wurin kafili, Balaraben da ke tsaya mini, a sabunta mini iƙama, takardar da ke cewa ni baƙo ne. A Najeriya kuma ba wanda ya taɓa ganin fuskata. Na saba a yi lissafin mutane a tsallake ni, ban taɓa kai ƙara ba. Na ɗauka akwai wuri ɗaya a duniya da ba sai na nuna takarda ba, wato wurinki. Sai ga shi kin ba da labarin wunin da ya fi kowane wuni daɗi a rayuwata, kin cire ni daga ciki tsaf kamar yadda ake cire ƙaya daga kifi.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce kunya ce, mace ba ta shelanta saurayi a gaban duniya, dangi na karanta shafinki. Na yarda, kuma kunyarki na cikin abin da ya sa na mace a kanki. Da shiru kika yi, da ban ce uffan ba. Da kin ce wasu 'yan'uwa Hausawan Jidda sun kai ki, da na sa hannu a ƙirji na gode. Amma "ni kaɗai" ba kunya ba ce, ya nurul aini. Tsoro ne, kuma ina jin tsoron cewa har yanzu ba ki faɗa wa yayanki komai ba.

Ga abin da ba ki lura da shi ba. A hoto na huɗu, wanda kike murmushi kusa da jan kifin, kin yanke ni da kyau, amma ba ki iya yanke kifin ba, ni kuma nake riƙe da shi. Hannuna yana nan daga wuyan hannu zuwa yatsu, har da agogona. Ki buɗe ki duba ƙasan hoton. Yaya Zaharadden ya rubuta tambaya guda: hannun wane ne wannan? Kin amsa wa masu tambayar kuɗin mota, kin amsa wa mai tambayar sunan kifi, kin tura wa ƙawayenki furanni, tambayarsa kuwa tana nan tsaye ba amsa.

Ba zan ɓoye miki ba, na rubuta "nawa ne" a ƙarƙashinta. Na zauna ina kallon kalmomin nan biyu har aka kira la'asar, sannan na goge. Ba don ina tsoron yayanki ba. Don ba na so in shiga gidanku ta taga ne, kuma ba na so in ƙwace daga bakinki abin da nake so ki ba ni da kanki.

Ya sanyin idaniyata, ya inuwata a tsakar ranar Jidda, ina fushi da ke, kuma ban taɓa son ki kamar yau ba, abin da ke ƙara mini haushi ke nan! Ba na neman ki goge rubutunki, ba na neman ki sa hotona. Ki kira Yaya Zaharadden kawai, ki faɗa masa akwai wani Hatim ɗan Ruwais, mai tuƙa motar ɗaga kaya a sito, ba shi da gida a Zariya, ba shi da ƙasar da za ta kira shi nata, amma yana da kawu mai mutunci da ke jiran waya. Idan ya ƙi, na ji, zan bi shi da haƙuri ko shekara nawa ne. Abin da ba zan iya ba shi ne a ƙi ni ba a ma san ina raye ba.

Ranar Alhamis jirginku zai tsaya. Idan kin kira shi, za ki same ni a ƙofa tun kafin a buɗe ta. Idan ba ki kira ba, kada ki neme ni a cikin direbobi, ba zan zo ba, kuma Allah ya sani wannan wunin zai fi kowane wuni tsawo a wurina. Ko ta yaya ta kasance, ba zan dubi wata ba, ba a Ruwais ba, ba a Bab Makka ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Amma yayanki ya yi tambaya, Zubaidatu, kuma ke ya tambaya. Ki amsa masa.

Naki da ransa da fushinsa, har ranar da za a rufe shi da ƙasar garin nan,

Hatim, mai hannun