'Yar Babana ta Cikin Fim

Anti mai shawara, ki gafarce ni da na yi ƙarambanin rubuto miki, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Don Allah ki taimake ni.

Ina aji biyar na sakandare. Babana makaniki ne. Shekara uku ya yi yana kwana a ƙarƙashin gada saboda shaye-shaye, kafin Allah ya shirye shi. Bara wasu suka yi fim a kan rayuwarsa, don mutane su daina yi wa irinsu kallon shara. Sun nemi in fito a matsayin kaina, na ƙi, domin a makaranta na ce musu tafiya ya yi. Sai suka ɗauki wata yarinya sa'ata.

A fim ɗin kullum tana kai masa abinci, har ƙafa take wanke masa. Anti, ni ban taɓa ba. Sau ɗaya na hango shi kwance a kan kwali, ina tare da ƙawayena, na tsallaka titi.

Ranar da aka haska fim ɗin, ya riƙe hannunta yana kuka, yana kiran ta 'yarsa. Ni ina layi na huɗu, riƙe da jakar Mama. Yanzu hotonsu ne a bangon garejinsa, nawa kuwa babu. Har murmushinta na tsana, alhali ba ta yi mini komai ba. Ina tsoron ita ce 'yar da ya so a ce ya haifa. Ko za ki yarda in sake rubutowa?

Mai Shiru

'Yata Mai Shiru,

Ba a kishin wanda ba a so, don haka ki daina tsine wa kanki. Amma ki cire yarinyar nan daga ranki. Aiki aka ba ta, ta yi, ta koma gidansu. Ke ce kika yi shekara uku babu uba, kina ƙarama.

Shi ma ki duba nasa. An roƙe ki ki fito a fim ɗin kin ƙi. Wataƙila yana zaton har yau kunyarsa kike ji, shi ya sa bai matsa miki ba. Kuma ko ya gan ki ranar da kika tsallaka titi ko bai gan ki ba, a labarin da ya bayar bai ɗora miki laifi ba.

Ki je garejin idan an tashi daga makaranta, ki zauna kusa da shi, ko sufana ce ki miƙa masa. Sannan ki faɗa masa zancen titin nan da bakinki. Zai yi nauyi, amma wannan babu wadda za ta yi a madadinki.

Ki sake rubutowa, amma sai bayan kun yi magana. Allah ya daidaita tsakaninku.